Balokole: Sa'ad da Masu Baftisma Suka Nemi Maya Haihuwa

Mutumin da Yesu ya yi wa maganar maya haihuwa a cikin Yahaya sura 3 dattijo ne mai addini. Nikodimu Bafarisiye ne, ɗan majalisar Yahudawa, malami kuma a Isra'ila. Da a ce mashayi ne ko ɗan fashi, da maganar ba ta ba kowa mamaki ba. Amma sai ga mutumin da ya san Attaura ciki da waje, aka ce masa saninsa da asalinsa ba za su kai shi Mulkin Allah ba, sai an sāke haifarsa. Kalmar Helenanci da Yahaya ya rubuta a wurin tana ɗauke da ma'ana biyu, wato "kuma" da "daga sama". Nikodimu ya kama ta fari, ya tsaya yana tunanin yadda tsoho zai koma cikin uwarsa. Yesu kuwa aikin Ruhun Allah yake nufi, wanda ya kwatanta da iska, da ake jin motsinta amma ba mai iya juya ta.

Tun farkon zamani ikkilisiya ta haɗa wannan haihuwa da baftisma. Justin Shahidi, wanda ya yi rubutu a Roma wajen shekara ta 150, ya kira wankan baftisma sāke haihuwa, kuma Titus 3:5 yana goyon bayansa. Littafin addu'ar Angalikan na 1662 ma haka ya bi: da zarar an yi wa jariri baftisma, limami yakan shaida wa jama'a cewa yaron ya sami sabuwar haihuwa. A zamanin Justin ba a cika samun gardama a kan wannan ba, gama wanda ya shiga ruwan ya san yana iya rasa ransa a dalilinsa. Wahalar takan taso ne in bangaskiya ta zauna a gari, aka haifi 'ya'ya da jikoki a cikinta, baftisma kuma ta zama abin da kowa yake yi. A nan ne ake tambaya ko ruwan ya isa. John Wesley limamin Angalikan ne, an yi masa baftisma tun yana jariri, har ya je Amurka aikin bishara ya komo, duk da haka sai ranar 24 ga Mayu 1738, a wani ɗan taro a Landan, ya tabbata a zuciyarsa cewa an gafarta masa zunubansa.

A ƙasashen Afirka ta Gabas an yi wannan gardama da zafi ƙwarai, daga wajen 1930 zuwa gaba. Mutanen da suka tā da ita ana kiransu Balokole, wato "cetattu" a harshen Luganda. Tarihinsu ya cancanci a san shi, domin sun ba da amsa a aikace ga tambayar da yawancin masu bi suke amsawa da baki.

'Yan mishan na CMS sun isa ƙasar Buganda, a Yuganda ta yau, a 1877. Ba a daɗe ba aka zub da jini. Ranar 3 ga Yuni 1886 aka ƙone samari masu bi, Katolika da Angalikan, a Namugongo, bisa umarnin sarki Mwanga. Shekara goma bayan haka aka gama juya Littafi Mai Tsarki zuwa Luganda. Amma a 1900 Ingila ta ƙulla yarjejeniya da manyan Buganda, aka raba musu filaye, kuma mafi ƙarfi a cikinsu 'yan Angalikan ne, irin su waziri Apolo Kagwa. Daga nan bangaskiyar da aka ƙone mutane dominta ta zama hanyar samun sarauta da aikin gwamnati. Ba a yi wa babba baftisma sai ya iya karatu, har sunan da ake kiran Kirista da shi a ƙasar shi ne "masu karatu". Majami'u suka cika. Mutum yana da sunan baftisma, yana cin jibin Ubangiji ran Lahadi, yana kuma da mace ta biyu a ɓoye da laya a ƙarƙashin gado. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Simeoni Nsibambi ɗan babban gida ne a Buganda, an haife shi a 1897, ya yi karatu a makarantun mishan, ya zama jami'in lafiya a gwamnati. Sanyin ikkilisiyarsa yana damunsa. A watan Satumba 1929 ya sadu a Kampala da wani likita Bature, Joe Church, wanda yake aiki a asibitin mishan na Gahini a Ruwanda, ƙasar da take hannun Beljiyam a lokacin. Likitan ya zo hutu ne a gajiye. Yunwa mai tsanani ta auka wa Ruwanda a 1928 da 1929, dubban mutane suka bi ta Gahini suna neman abinci, da yawa suka mutu a hanya. Ya ga iyakar ƙarfinsa, ya kuma ga cewa tsakaninsa da ma'aikatansa baƙaƙe ba daɗi. Su biyu suka zauna kwana biyu suna bin ayoyin da suka yi magana a kan Ruhu Mai Tsarki, suna addu'a. Abin da ya faru ke nan, ba wani abin al'ajabi da ido ya gani. Amma a zamanin da Bature ba ya zama da baƙar fata sai a matsayin ubangida, zaman nan kansa sabon abu ne. Nsibambi ya bar aikin gwamnati, ya sayar da babur ɗinsa, ya shiga tare mutane a hanya yana tambayarsu ko sun sami ceto. Abokansa suka ce ya taɓu.

A Gahini ne abin ya yi saiwa. Ƙanen Nsibambi, Blasio Kigozi, ya tafi can koyarwa. Akwai kuma babban ma'aikacin asibitin, Yosiya Kinuka, wanda ba ya ga maciji da likitan, har yana shirin barin aiki. Aka tura shi Kampala ya ga Nsibambi, ya komo wani mutum dabam, ya nemi gafarar waɗanda yake ƙi. Likitan shi ma ya faɗi nasa laifi na girman kai da saurin fushi. Mutanen gari suka ga Bature da baƙaƙe biyu suna wa'azi tare, kowa yana faɗin abin da Yesu ya gafarta masa, ba wanda ya ɗauki kansa malamin sauran. A wani taro na ƙarshen 1933 masu koyarwa da masu bishara suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna furta zunubansu a gaban jama'a, taron ya ɗauki sa'o'i. A Satumba 1935 ƙungiyar Gahini ta yi babban taron falkaswa a Kabale, a kudu maso yammacin Yuganda, daga nan wutar ta kama ƙasar Kigezi da Ankole, ta haye Burundi, ta shiga Tanganyika da Kenya.

Kigozi bai daɗe ba. Ya rasu a Janairu 1936 da zazzaɓin da cizon kaska ke kawowa, yana saurayi. Ya bar tambayoyi uku da ya so ya gabatar wa majalisar ikkilisiyar Yuganda: me ya kawo sanyi da mutuwar ikkilisiya, me ya sa ake barin masu zama cikin zunubi a fili su ci jibin Ubangiji, me kuma za a yi a sami falkaswa. A kan kabarinsa an rubuta kalma ɗaya ta Luganda mai ma'anar "farka".

To, mece ce maya haihuwa a wurin waɗannan mutane? Ba su kawo sabuwar koyarwa ba. Zunubi, gicciye, jinin Yesu, tuba, abin da suka riƙe ke nan, kuma duk yana cikin littafin da ake karanta musu kowace Lahadi. Ba su ce a sāke yi wa kowa baftisma ba, ba su kuma mai da hankali ga harsuna ko warkarwa ba. Abin da suka nace a kai shi ne, wanda aka sāke haifa dole a gan shi, kuma maƙwabcinsa ne zai fara gani. Jariri in an haife shi ba a ɓoye shi, kuka yake yi, gida duka ya sani.

Abu na fari da ake gani shi ne mayar da kayan mutane. Ma'aikacin asibiti ya dawo da magani da barguna da ya kwashe. Mai koyarwa ya kawo kuɗin makaranta da ya ci. Wani ya kai fartanya gidan da ya ɗauko ta shekaru da suka wuce, wani ya je wurin hakimi ya biya harajin da ya ɓoye. 'Yan kasuwa Indiyawa da jami'an gwamnati sun sha mamakin mutanen da suke zuwa da kuɗi a hannu suna cewa sun cuce su, alhali ba wanda ya kama su. Misalinsu a cikin Littafi shi ne Zakka mai karɓar haraji a Luka 19, wanda Yesu ya shaida cetonsa bayan ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace. A ganinsu, tuban da bai taɓa aljihu ba bai kai zuciya ba tukuna. Wannan magana tana da wuyar musu.

Abu na biyu shi ne cin abinci tare. A Ankole makiyaya Bahima ba sa haɗa kwano da manoma Bairu. A Ruwanda da Burundi akwai irin wannan tsakanin Tutsi da Hutu, ga kuma katangar da take tsakanin Bature da kowa. Balokole suka zauna a tabarma ɗaya, suna kiran juna 'yan'uwa, har suna aurayya tsakanin dangogin da ba su saba ba. Mata suka ci kaza da ƙwai, waɗanda al'ada ta hana su, suka kuma miƙe a taro suna ba da shaida a gaban maza. Aka ƙone layu a fili. Sun ɗauki maganar Bulus a 2 Korantiyawa 5:17 a kan sabuwar halitta da gaske: in haihuwa ce, ai tana sa mutum cikin sabon dangi, kuma dangin nan ya riga na jini.

Na uku shi ne abin da suka kira tafiya cikin haske, daga 1 Yahaya 1:7. Sukan taru ƙungiya ƙungiya a mako, kowa ya faɗi inda ya fāɗi tun haɗuwar baya, ko fushi ne, ko kishi, ko ƙarya, a yi masa addu'a, sa'an nan a rera waƙar yabo da aka san su da ita ko'ina, mai suna Tukutendereza. A nan suka bambanta da masu cewa sun sami ceto ran kaza ga watan kaza, magana ta ƙare. Balokole suna riƙe ranar tubansu, suna faɗinta a kowace shaida, amma sun ce wanda aka haifa jiya yana bukatar wanka yau. Ba mai girman da ya wuce tuba, ko fasto ne ko ɗan mishan.

Ba kowa ya yi murna ba, kuma masu ƙin abin ba duka ne marasa gaskiya ba. Furta zunubi a fili yana da haɗari. Mace ta miƙe ta ce ta yi zina, ta kuma ambaci sunan namijin, wanda wataƙila hakimi ne ko dattijon ikkilisiya yana zaune a wurin. Gidaje sun rabu ta haka, an kuma tona asirin mutanen da ba su ba da izini ba. Waɗansu matasa suka riƙa tsayawa bakin majami'a suna ce wa fastoci tsofaffi ba su da ceto. Hakimai suka kai ƙara wurin Turawan mulki cewa mutanen nan suna rushe ladabi da biyayya, a waɗansu wurare aka hana su wa'azi a kasuwa da waƙar dare.

Rikicin ya kai ƙarshensa a 1941 a makarantar horar da fastoci ta Bishop Tucker da ke Mukono. Ɗalibai Balokole suna tashi da asuba tun ƙarfe huɗu su yi addu'a, suna kuma wa'azi a kan sata da lalata a cikin makarantar, da koyarwar da suke gani ta raunana Littafi Mai Tsarki. Shugaban makarantar ya hana, suka ce ba za su bari ba, aka kori fiye da 20, waɗansunsu saura kaɗan su gama. Jagoransu William Nagenda ne, wanda ya bar aikin akawu a ofishin gwamnati domin ya zama fasto. Da sun so kafa tasu ikkilisiya a ranar, da dubbai sun bi su. Ba su yi ba. Nsibambi da Nagenda suka ce an kira su su farkar da gidan ne, ba su ƙaura daga cikinsa ba. Nagenda bai zama fasto ba har ya mutu, amma ya yi wa'azi a ƙasashe da yawa. Bishop Cyril Stuart, wanda ya sha wuya da su, shi ma bai kore su daga ikkilisiya ba. Haƙurin bangarorin biyu ya sa bayan shekara 30 yawancin shugabannin Angalikan na Yuganda 'ya'yan falkaswar ne. An sami waɗanda suka fita, musamman a yammacin Kenya wajen 1958, amma su ne kaɗan.

Gwaji na jini ya zo a Kenya. A Oktoba 1952 Turawa suka kafa dokar ta-ɓaci saboda yaƙin Mau Mau. Mayaƙan suna neman ƙasarsu da aka ƙwace, kukansu kuwa yana da tushe. Amma suna tilasta wa 'yan kabilar Kikuyu rantsuwa da jinin akuya. Majami'u da yawa suka zama kango, gama masu baftisma da dama sun yi rantsuwar don tsoro. Waɗanda suka ƙi, yawancinsu 'yan falkaswa ne, suka ce wanda ya sha ƙoƙon Almasihu ba zai sha wani jini ba. Aka kashe waɗansunsu. Da yawa daga cikinsu sun kuma ƙi ɗaukar makami su taya gwamnati, saboda haka kowane gefe yana zarginsu.

A Yuganda, wani malamin makaranta ɗan kabilar Acholi, Janani Luwum, ya tuba ranar 6 ga Janairu 1948 ta wurin wa'azin Balokole, ko da yake ya taso a gidan masu bi. Ya zama bishop na arewacin Yuganda a 1969, babban bishop kuma a 1974, a zamanin Idi Amin. A Fabrairu 1977 shi da sauran bishop suka rubuta wa Amin takarda a kan kashe-kashe da ɓacewar mutane. Ranar 16 ga wata aka kama shi tare da ministoci biyu, Erinayo Oryema da Charles Oboth Ofumbi. Washegari gwamnati ta ce sun mutu a haɗarin mota, amma harbe su aka yi. Bishop Festo Kivengere na Kigezi ya tsere da ƙafa ta kan duwatsu zuwa Ruwanda. Shi ma ɗan falkaswar ne, wanda bayan tubansa ya hau keke ya yi tafiya mai nisa don ya nemi gafarar wani Bature da ya daɗe yana ƙi. A gudun hijira ya gane cewa ƙiyayyar Amin ta shiga zuciyarsa, ya tuba da ita kamar yadda aka koya masa tun yana saurayi, ya kuma rubuta ɗan littafi a shekarar nan yana cewa yana ƙaunar Idi Amin. Mutane da yawa sun ji haushin sunan littafin.

Duk da haka tarihin bai tsaya a kan jarumai ba. Abin da ya fara da rai yakan zama al'ada. A ƙarni na biyu shaida ta sami tsari, yaro yana jin yadda manya suke faɗa ya haddace, ya san inda za a tsaya a rera waƙa. Zunuban da ake furtawa suka zama waɗanda ba su da tsada. Aka shiga auna ceto da tsawon riga da irin gyaran gashi. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar ta rabu a Yuganda, waɗansu suka kira kansu "farkakku", suna zargin sauran da son duniya, har cin bashi ya zama abin gardama. Mutanen da suka tashi don su ce baftisma ba gādo ba ce, sai ga 'ya'yansu suna neman su gāji ceto ta wurin kalmomi.

Tambaya mafi nauyi ta fito daga Ruwanda, inda abin ya fara. Daga Afrilu zuwa Yuli 1994 aka kashe mutum wajen 800,000, yawancinsu Tutsi, a ƙasar da kusan kowa yake amsa sunan Kirista. An kashe mutane a cikin majami'u, kisan kuma ya kai Gahini kanta. Gaskiya ne cewa yawancin 'yan ƙasar Katolika ne, 'yan falkaswa kuwa ba su taɓa zama masu rinjaye ba. Amma wannan bai wanke kowa ba, gama an tuhumi wani bishop na Angalikan a kotun duniya ta Arusha, ya mutu a 2003 kafin a yanke masa shari'a. Bayan kisan, waɗansu shugabannin mishan ɗin da kansu suka yarda cewa falkaswar ta koya wa mutum ya tuba da fushin da ya yi wa matarsa, amma ba ta koya masa abin da zai yi ba in hukuma ta ce ya tsare hanya ya duba katin shaidar maƙwabcinsa. An guji maganar mulki da adalci da sunan cewa siyasa ta duniya ce, aka kuma fi ba da lokaci ga shaida a kan koyar da dukan Littafi. Tun daga 1959 ake korar Tutsi ana kashe su, ikkilisiya kuwa ba ta cika ɗaga murya ba.

A cikin wannan duhu an sami waɗanda suka ɓoye maƙwabta a rufin ɗaki da ramuka, waɗanda kuma suka ƙi rabuwa da 'yan'uwansu na zumunta sa'ad da aka ce Hutu su koma gefe guda. Ɗaya daga cikin sanannu shi ne Israel Havugimana, shugaban ƙungiyar bishara ta African Enterprise a Ruwanda, ƙungiyar da Kivengere ya jagoranci reshenta na Afirka ta Gabas. Shi Bahutu ne, ya yi shekaru yana tara Hutu da Tutsi wuri guda suna addu'a, yana kuma faɗa a fili cewa ƙiyayyar kabila zunubi ce da ake tuba da ita kamar sata. An sa sunansa cikin waɗanda za a fara kawarwa, aka kashe shi a Kigali a kwanakin farko na Afrilu 1994.